Kalmar "put" da 'yan rakiyarta: abin da ya kamata ɗalibi ya sani kafin jarrabawa

Duk wanda ya tsaya a mararrabar Dayi da kaka, inda hanyar Kano ta Gwarzo ta haɗu da wadda ta taso daga Funtuwa ta ratsa Malumfashi ta nufi Katsina, zai ji ana kiran aiki ɗaya da sunaye barkatai. Mai masara zai ce a zuba ta a buhu. 'Yan dako su ɗora buhun a kan mota, ko su aza shi kamar yadda muke faɗi a Katsinanci. Mai auduga cusa ta yake yi. Yaron mota ya rataya rigarsa a jikin ƙofa, dillali ya zura kuɗi a aljihu, wanda ya gaji ya ajiye kayansa ya jingina kekensa da bango.

A ce wa ɗalibi ya mayar da waɗannan ayyuka zuwa Turanci, zai tarar kalma ɗaya mai haruffa uku ta isa ta ɗauki mafi yawansu, wato "put". Sai dai ba ta tafiya ita kaɗai. Kullum tana tare da 'yan rakiya, ƙananan kalmomin nan irin su "in", "on", "into", "under" da "against", waɗanda malaman Turanci ke kira "prepositions". A nan bambancin harsunan biyu yake. Bahaushe aikatau yake canzawa idan yanayin ajiyar ya canza: zuba daban, ɗora daban, rataya daban. Bature kuwa yakan bar aikatau yadda yake, ya canza ɗan rakiya. Wanda ya gane wannan ya kama bakin zaren.

Ƙannenmu ɗalibai, maganar tana da nauyi. Kusan duk kwas ɗin da za ku nema sai da kiredit a Turanci, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, ko ta Tarayya da ke Dutsin-ma, ko ta Ahmadu Bello da ke Zariya. Takardar farko ta Turanci a WAEC tambayoyi 80 ne na zaɓen amsa, cikinsu har da na cike gurbi da na gano ma'anar magana. A JAMB ma Turanci ne ke da tambayoyi 60, sauran darussa ukun 40 kowanne. Irin waɗannan tambayoyi su ne gidan 'yan rakiya. Ɗalibi zai iya sanin ma'anar kowace kalma a jimla, ya kuma rasa makin saboda ya zaɓi "off" inda ake son "out".

Gajeriya ce, amma ta cika ƙamus

Kada gajartarta ta ruɗe mu. A babban ƙamusun Turanci na Oxford, bugu na biyu na 1989, aikatau "set" ne ya fi kowace kalma tsawon bayani. Da aka shiga sabunta ƙamusun, sai "put" ta karɓe wannan kambu a 2007, ta riƙe shi har 2011 lokacin da "run" ta zo da ma'anoni 645. Ke nan kalmar da ake koya wa ɗan aji ɗaya na firamare tana cikin waɗanda suka fi ba masu haɗa ƙamus wahala.

Asalinta a tsohon Turanci tana nufin turawa ko ingizawa. Sauran wannan ma'ana yana nan a wasan "shot put" da ake yi a gasar wasanni ta makarantu, inda ɗan wasa ke ingiza dunƙulen ƙarfe daga kafaɗarsa. A ajin kwamfuta ma muna haɗuwa da ita a "input" da "output", abin da aka shigar da abin da ya fito.

A fara gyara baki

Hausa ba ta raba "p" da "f" a matsayin sautuka biyu masu bambanta ma'ana, shi ya sa "put" da "foot" ke fitowa iri ɗaya a bakin ɗalibai da yawa. Ga dabara. Domin furta "p", a haɗa leɓɓa biyu a rufe ruf, sannan a sake su iska ta fashe. Idan ka riƙe 'yar takarda a gaban bakinka za ka ga ta motsa. Domin furta "f", haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, iska ta riƙa fita a hankali. A gwada da wannan jimla sau goma: "Put your foot on the floor."

Wasalin tsakiya kuma irin na "book" da "good" ne. Bai yi daidai da na "but" da "cut" ba, duk da cewa rubutunsu ya yi kama. Wannan tarko ne sananne a takarda ta uku, ta gwajin furuci.

Sai siffarta. "Put" ba ta canzawa a lokacin da ya wuce: yau "put", jiya "put", da "have" ma "put". "I put the hoe in the store yesterday." Babu "putted" a nan. Amma tana karɓar "s" idan mutum ɗaya ne ke aikin a kullum, "she puts", kuma ana ninka "t" a "putting".

Dokar farko: sai an faɗi wuri

A Hausa idan muka ce "Na ajiye buhun", magana ta cika. A Turanci "I put the sack" magana ce da aka yanke a tsakiya, mai sauraro zai tsaya yana jiran ka faɗi inda ka sa shi. "Put" tana neman abu biyu a bayanta: abin da aka sa, da wurin da aka sa shi. Ko da kalma ɗaya ce ta wadatar, kamar "I put the sack down" ko "I put it there".

Ga yadda wasu aikatau namu ke komawa:

Zuba masara a buhu: "put the maize in the sack".
Ɗora buhu a amalanke: "put the sack on the cart".
Cusa auduga a buhu: "put the cotton into the bag".
Jingina keke da bango: "put the bicycle against the wall".
Rataya riga a ƙusa: "put the shirt on the nail".
Tura takalmi ƙarƙashin gado: "put the shoes under the bed".

Lura da wani abu. Ƙaramar kalmarmu "a" tana yin aikin kalmomi uku na Turanci. Muna cewa a buhu, a tebur, a ƙofa, su kuma su ce "in the sack", "on the table", "at the door". Saboda haka kafin ka rubuta, tambayi kanka: abin nan ciki ya shiga, ko bisa ya hau, ko dai wuri kawai ake nunawa? Ciki "in" ne, bisa "on", wurin da ake nunawa "at". Ita kuwa "into" tana ƙara jaddada motsin shiga daga waje zuwa ciki.

Wannan ba ya nufin Turanci ba shi da kalmomi na musamman. Akwai "pour" domin zuba ruwa ko hatsi, "hang" domin ratayewa, "lean" domin jinginawa, "load" domin lodi. A rubutun insha'i, zaɓen irin waɗannan yana nuna ɗalibi yana da wadatar kalmomi. Hausarmu ma tana taimakawa a nan, domin tun daga gida mun saba bambanta zubawa da ratayewa.

Tarkon kalmar "sa"

Tun a firamare aka koya mana cewa "put" ita ce "sa". Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. "Sa" ma kalma ce mai 'yan rakiya da yawa a Hausa, kuma galibinsu ba su da alaƙa da "put". Wanda ya ɗauko su kai tsaye zai rubuta Turancin da Bahaushe kaɗai zai gane.

Sa hannu a takarda: "sign the document".
Sa baki a rigima domin sulhu: "intervene". Idan katsalandan ne, "interfere".
Sa ido a kan yara: "keep an eye on the children".
Sa ranar biki: "fix a date" ko "set a date".
Sa rai: "hope" ko "expect".
Sa kai: "volunteer".
Sa albarka: "bless".
Sa wa jariri suna: "name the baby".
Sa taki a gona: "apply fertilizer". Ana iya cewa "put fertilizer on the maize", amma a darasin aikin gona "apply" ake so.

Akwai kuma "sa" mai nufin haddasawa. "Ya sa ni dariya" shi ne "He made me laugh". "Wa ya sa ka?" shi ne "Who told you to do it?" "Shi ya sa" kuma "That is why". Babu "put" ko ɗaya a ciki. Maganganu irin su "put mouth" da "put eye" da muke ji a tasha da kasuwa Turancin buroka ne. Suna biyan bukata a can, amma ba su da kujera a ɗakin jarrabawa.

Inda harsunan suka dace shi ne kamar sa riga, "put on a shirt", sa gishiri a miya, "put salt in the soup", da sa mutum a kurkuku, "put someone in prison".

Idan "put" ta haɗu da suna

Nan ne tambayoyin cike gurbi suka fi fitowa. "Put" tana haɗuwa da wasu sunaye na abubuwan da ba a taɓawa da hannu, kamar laifi, ƙoƙari, amana da haɗari, kuma kowane suna yana da ɗan rakiyar da ya saba tafiya da shi. Ba sai an haddace su a warwatse ba, domin akwai hoto a bayan kowane rukuni.

Rukunin "on" hotonsa ɗora kaya ne. Duk abin da ke da nauyi a kan mutum da "on" yake tafiya: "put pressure on", matsa lamba, "put the blame on", ɗora laifi, "put a tax on", ɗora haraji, "put a ban on", haramtawa, "put emphasis on", ba da muhimmanci. Misali: "The farmers put the blame on the late rains." Mu ma ai cewa muke yi an ɗora masa laifi, kamar kaya ne aka aza masa a ka.

Rukunin "in" da "into" hotonsa zubawa ne a mazubi. Muna cewa zuba jari, su ce "put money into". Haka "put effort into" da "put time into": "My father put all his savings into the cotton farm." Amana da dogaro kuma da "in" suke tafiya: "We put our trust in Allah." A wannan rukuni akwai shigar da mutum ko abu cikin wani hali, kamar "put in danger", jefawa cikin haɗari, "put in order", shiryawa, "put in writing", rubutawa, "put in charge of", ɗora mutum a kan wani aiki, da "put into practice", aiwatarwa.

Rukunin "to" hotonsa kai abu wani wuri ne. "Put an end to" da "put a stop to" suna nufin kawo ƙarshe. "Put a question to" yi wa mutum tambaya. "Put to use" amfani da abu, "put to the test" jarrabawa, "put to shame" kunyatawa, "put to the vote" a kaɗa ƙuri'a a kai. A kula sosai da "put an end to". Da yake a Hausa cewa muke yi kawo ƙarshen abu, wannan "n" ta mallaka tana jan hannun ɗalibi ya rubuta "put an end of". Daidai shi ne: "The village head put an end to the dispute."

Rukunin "at" ƙarami ne amma yana da tarko. Ana cewa "put in danger", amma "put at risk", duk da cewa ma'anarsu kusan ɗaya ce. Akwai "put at ease", kwantar wa mutum da hankali, da "put at a disadvantage", sa shi a matsayin da za a fi shi. Akwai kuma ƙiyasi: "They put the loss at fifty bags", wato sun ƙiyasta asarar ta kai buhu hamsin.

Abu biyu za a riƙe game da waɗannan. Na farko, tsarin jerawa iri biyu ne. A "put pressure on Audu", sunan musamman ne ke zuwa kafin ɗan rakiya, wanda abin ya shafa ya zo ƙarshe. A "put Audu at risk", wanda abin ya shafa ne ke fara zuwa. Na biyu, a haddace su da "a", "an" ko "the" ɗinsu. Ana cewa "put an end to", ana cewa "put the blame on", amma "put pressure on" ba ta ɗaukar komai.

Idan ɗan rakiya ya canza ma'ana gaba ɗaya

Wani lokaci ɗan rakiya yakan manne da "put" har su zama kamar kalma ɗaya mai sabuwar ma'ana. Su ne ake kira "phrasal verbs". Mu ma muna da irinsu: kashe daban, kashe aure daban, kashe kuɗi daban. Ga waɗanda suka fi yawo a takardun jarrabawa.

"Put on": sa tufafi, ko kunna fitila, ko yin ƙiba a "put on weight". Tana nuna lokacin da ake sakawa. Idan rigar tana jiki tuni, "wear" ake cewa. "She is putting on her hijab" tana cikin sakawa ke nan, "She is wearing her hijab" tana sanye da shi.

"Put off": ɗage abu zuwa wani lokaci. "The match was put off until Saturday." Idan aikatau ne ya biyo ta, da "ing" yake zuwa: "Do not put off reading your notes." Tana kuma nufin sa abu ya fita daga ran mutum: "The smell put me off the food." Babban kuskure shi ne ɗaukar ta a matsayin kishiyar "put on". Cire takalmi "take off your shoes" ne. Kashe fitila kuma, a rubutu, a yi amfani da "switch off" ko "turn off".

"Put out": kashe wuta mai ci. Da hunturu, lokacin da gobarar daji ke barazana ga karan dawa da amfanin da aka tara, jimlar ita ce: "The villagers put out the fire before it reached the granary."

"Put up": wannan tana da fuskoki da yawa. Gina ɗaki, "put up a building". Liƙa sanarwa, "put up a notice". Ɗaga hannu a aji, "put up your hand". Ƙara farashi, "put up the price of fertilizer". Sauke baƙo, "My uncle put me up for two nights in Funtua."

"Put up with": ƙarin "with" kaɗai ya mayar da ita haƙuri da juriya. "We cannot put up with the noise."

"Put down": ajiyewa ƙasa, ko rubutawa, ko murƙushe tawaye. Idan aka ƙara "to", ta koma dangantawa: "She put her success down to hard work."

"Put away" mayar da abu ma'ajiyarsa ne. "Put back" mayar da shi inda aka ɗauko. "Put aside" tanadi, kamar manomin da ke ware irin shuka na baɗi. "Put forward" gabatar da shawara. "Put across" fahimtar da mutane. "Put in for" neman aiki ko canjin wuri a rubuce. "Put together" harhaɗawa.

Kowace daga cikinsu tana da takwararta doguwa, kuma masu shirya tambayoyi suna son haɗa su: "put off" da "postpone", "put out" da "extinguish", "put up with" da "tolerate", "put forward" da "propose", "put down" da "suppress", "put together" da "assemble". Wanda ya san su bibbiyu ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin zai amsa tambayar ma'ana, kuma ya sami kalmar da ta dace da wasiƙar hukuma.

Ina wakilin suna zai zauna?

Idan suna ne cikakke, yana iya zuwa gaba ko baya. "Put on your cap" daidai ne, "Put your cap on" ma daidai ne. Amma idan wakilin suna ne, kamar "it", "them", "him" ko "her", dole ya shiga tsakiya: "Put it on", "Put them away", "Put it off". Idan ka ce "Put on it" da nufin saka ta, ka kauce.

"Put up with" ita ba a raba ta. Kalmomin uku a jere suke tafiya, wakilin suna ya biyo baya: "I cannot put up with it."

Salon magana mai ɓoyayyiyar ma'ana

A sashen gano ma'ana akan kawo maganganun da ba a ɗaukar su a zahirinsu. "Put all your eggs in one basket" shi ne tara duk abin da ka mallaka a wuri ɗaya. Iyayenmu manoma sun daɗe da sanin illar haka, shi ya sa za ka ga gona ɗaya da dawa da wake, ga masara can, ga auduga nan, idan wannan bai yi ba wancan ya rufa asiri. "Put the cart before the horse" shi ne fara abin da ya kamata ya zo ƙarshe. Ka ƙaddara an ɗaura amalanke a gaban shanu. "Put your foot down" kafewa a kan magana da ƙin sassautawa. "Put two and two together" gano gaskiya ta hanyar haɗa alamu. "Stay put" kuma a tsaya wuri ɗaya kada a motsa.

"Put to bed" da Turancin Najeriya

A ƙasar nan idan aka ce "She has put to bed", kowa ya san haihuwa ake nufi. A watan Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya, cikinsu har da wannan, da "mama put", mai sayar da abinci a gefen hanya, da "Kannywood", masana'antar finafinanmu ta Hausa. Abin alfahari ne a ga yadda muke magana ya shiga babban ƙamus.

Duk da haka a san inda za a yi amfani da ita. Ƙamusun ya shigar da ita ne a matsayin maganar wannan yanki namu. A Ingila ko Amurka, "put the baby to bed" kwantar da yaro ya yi barci ne kawai. Hanya mafi aminci a takardar jarrabawa ita ce a rubuta abin da kowa zai gane: "She gave birth to a baby girl."

Yadda za a riƙe su

Na farko, kada a haddace "put" ita kaɗai. A haddace ta da abokan tafiyarta a dunƙule, kamar yadda muka koyi "sa rai" da "sa kai" ba tare da mun tsaya rarraba su ba.

Na biyu, a ware shafi huɗu a bayan littafin Turanci, ɗaya na "on", ɗaya na "in" da "into", ɗaya na "to", ɗaya na "at". Duk lokacin da aka ci karo da "put" a littafin adabi, ko jarida, ko labaran rediyo, a rubuta ta a shafinta tare da cikakkiyar jimlar da ta zo a ciki.

Na uku, a gina jimla daga rayuwar gida. Jimlar da ta ambaci rumbu, taki, kasuwa ko filin ƙwallon unguwa ta fi zama a kai fiye da wadda aka kwafo daga allo.

Na huɗu, idan an buɗe ƙamus kada a tsaya a ma'anar farko. A gangara har ƙasa, domin can ake jera salon magana da "phrasal verbs". Sannu ba ta hana zuwa: biyu a rana sun isa, kafin zango ya ƙare an tara fiye da ɗari.

Gwada kanka

A cike kowane gurbi da kalma ɗaya, a rufe amsoshin sai an gama.

1. The firemen put ____ the fire.
2. The meeting has been put ____ until Monday.
3. We must put an end ____ examination malpractice.
4. Do not put the blame ____ your brother.
5. She can no longer put up ____ his rudeness.
6. Bad roads put travellers ____ risk.
7. He put a lot of effort ____ his project.
8. Here is your cap. Put it ____.
9. Binta was put ____ charge of the library.
10. He put his failure down ____ illness.

Amsoshi: 1. out 2. off 3. to 4. on 5. with 6. at 7. into 8. on 9. in 10. to

Wanda ya ci takwas zuwa sama ya kama hanya, sai ya taimaka wa na kusa da shi. Wanda bai kai ba ya koma rukunin da ya ba shi wahala, ya rubuta jimla uku-uku da kowace magana, ya kai wa malaminsa na Turanci ya duba. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ba masu shirin jarrabawa sa'a.